Baƙin Tafkin Manu Sun Rasa Mai Masauki

Jawabin da Malam Ɗan'azumi Ikrima, tsohon hedimasta, ya yi a ƙofar gidan marigayi Malam Yahuza Manu ranar addu'ar arba'in.

Da sunan Allah wanda ya ba da rai, kuma yake karɓar abinsa a lokacin da ya ga dama. Tsira da amincinsa su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da iyalan gidansa, da sahabbansa baki ɗaya.

Mai girma wakilin Hakimi, Allah ya ja zamaninka. Mai girma Dagaci, ranka ya daɗe. Malam Liman da na'ibinsa, Allah ya gafarta malamai. Masu unguwanni, Arɗo da jama'arsa, Sarkin Noma, Sarkin Baka. Tsofaffin ma'aikatan sashen kula da dabbobi da suka taso daga Birnin Kudu da Gwaram, da 'yan'uwanmu makiyaya na Sara da Kwandiko da suka baro shanunsu cikin sanyin nan suka zo. Hajiya Mairama, matar marigayi, da ke jinmu daga cikin gida. Musbahu, babban ɗansa, da ƙanwar Musbahu, Bara'atu, da sauran ƙanne da jikoki. Jama'ar wannan gari namu na ƙasar Sundimina, maza da mata. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

An ce ni zan yi magana. Na ce a nemi wani, aka ƙi. Yahuza ɗan kawuna ne, ni ɗan gwaggonsa, wato taubasai ne mu, kuma tun muna yara ban taɓa faɗin alherinsa a gabansa ba, shi ma bai taɓa faɗin nawa ba. Haka wasan ya gada. Yau ga shi an miƙo mini lasifika an ce in yabe shi, kuma ba ya nan balle ya katse ni ya ce ƙarya nake yi.

Zan faɗi abin da na sani game da mutumin, sannan in faɗi abin da ya bari a bayan gari, wato ragowar Tafkin Manu da tsuntsayen da ke kansa yanzu haka da muke zaune. Ba a iya maganar Yahuza a tsallake wannan. Kowa a nan ya san ruwan nan ya shiga cikin gado, kowa kuma ya san abin da ake yi da ruwa da rani a wannan zamani. Don haka ba zan yi ta kewaye ba.

Yahuza ya kasance malamin dabbobi tun yana saurayi har furfura ta cika masa kai. Ya kasance mutumin da yake ɗaure akwatin allura a bayan keke, daga baya a bayan wani tsohon babur da sai an tura yake tashi, ya bi rugage tun daga nan har ƙasar Gwaram, ya naɗe wando ya ƙetare rafi. Shekarar da ciwon huhu ya shiga garkunan yankin Kwandiko, makiyaya suka riƙa ɓoye shanu a daji don tsoron allurar gwamnati. Yahuza bai kai ƙarar kowa ba. Shanun gidan ubansa ya koro ya kai har can, ya yi musu allurar a gaban jama'a, ya zauna tare da su kwana biyu don a ga ko za su mutu. Ba su mutu ba. Daga nan aka fara fito da shanu daga cikin ƙaya. Akwai dattawan da ke zaune a kan tabarmar nan da suke samari a lokacin, in na ƙara gishiri su tsayar da ni.

Ya kasance ba ya karɓar ɗan maraƙi ko tunkiya a kan aikin da aka ɗauke shi ya yi. Nono dai yana sha, kada in yi ƙarya a gaban Liman, kuma in aka dama masa fura bai iya cewa ta isa ba. Ya kasance mai raba rigimar manomi da makiyayi, domin ɗan makiyayi ne da ya zama manomi, kowane ɓangare ya zo da kukansa ya san inda yake yi masa ciwo. Ya kasance kuma mai taurin kai. Wannan ba zagi ba ne, iyalinsa sun fi ni sani. In ya kafe a kan abu, ka yi lallashi, ka yi faɗa, ka kawo aya, zai saurare ka har ka gama, ya ce ya gode, ya je ya yi abin da ya yi niyya.

Amma ba allura ce ta sa aka san shi har wajen jiharmu ba. Tsuntsaye ne. Ni kuwa tsuntsu a wurina iri biyu ne, wanda ake ci da wanda ba a ci, kuma na sha gaya masa haka.

Ga waɗanda suka zo daga nesa, Tafkin Manu yana gabas da gari, cikin fadama. Sunan mahaifin Yahuza ya ci, don shi ya fara kafa ruga a bakinsa, kuma gurbin da ya fi zurfi yana cikin gonarsa. Da can, in damina ta wuce, ruwan yakan kwanta tun daga gindin giginyu har hanyar kasuwa, ya kai bazara bai ƙafe ba. Da an yanke gero, sanyi ya fara shigowa, sai ka wayi gari ka tarar ruwan ya cika da tsuntsaye. Akwai 'yan gida da muka sani, kirinjijiya da dinya da zalɓe da balbela. Akwai kuma waɗanda sai da sanyi ake ganinsu: wasu ƙananan agwagi masu farin zane a gira, wasu masu dogon wuya da tsinin jela, wasu masu siraran ƙafa da ke tsattsage taɓo a gefe, da wani ɗan mitsitsi mai rawayan ciki da ke bin ƙafar shanu yana kaɗa jela. Mu dai mun taso muna ganinsu, muna harbinsu, muna kafa musu tarko. Ba mu taɓa tambayar inda suke tafiya in zafi ya shigo ba.

A wani kwas da aka tura shi ne Yahuza ya ji cewa waɗannan na sanyin daga ƙasashen Turawa suke tasowa, su ƙetaro teku, su ƙetaro sahara, wani ma da kyar yake cika tafin hannu. Ya dawo kamar an sauya shi. Ya bi maharba ɗaya bayan ɗaya yana roƙo, suka yi masa dariya. Ya zo wurina, ni ma na taya su. Da ya ga roƙo ba zai yi ba, sai ya koma ga al'ada.

Dattawa sun san al'adar garin nan, yara kuma su ji. Duk wanda ya yi baƙon da zai kwana, sai ya je ya sanar da Dagaci. In Dagaci ya ce ya karɓa, baƙon ya zama amanar gari. Ba mai zaginsa, ba mai taɓa shi, ba mai taɓa kayansa, har ranar da mai masaukinsa zai koma ya ce baƙo ya tafi lafiya. To, wata safiya fada ta cika, zamanin marigayi Dagaci, mahaifin wannan da ke zaune, sai ga Yahuza ya zo ya faɗi ya yi gaisuwa.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, na yi baƙi."

Dagaci ya ce, "Madalla. Daga ina?"

"Daga nesa, ranka ya daɗe. Daga ƙasar Turawa."

"Su nawa ne?"

"Ban iya ƙirga su ba. Sun gaji ƙwarai, kuma ina tsoron kada a cuce su."

Dagaci ya gyara rawani ya ce, "A garina? Na karɓe su. Duk wanda ya taɓa su, ni ya taɓa. Kowa ya ji."

Nan da nan aka share ƙofar fada, aka fito da sababbin tabarmi, aka kama zabi aka yanka. Ni kuma aka aika makaranta aka kira ni, wai in zo in yi tafinta. Na koma gida na zuba babbar riga, ina tafe ina bitar Turancina a hanya. Muka ɗunguma, Dagaci a gaba, Yahuza yana nuna hanya, muka wuce gidansa, muka wuce bayan gari, har bakin ruwa. Dagaci ya duba hagu ya duba dama, ya ce, "Ina baƙin?" Yahuza ya miƙa hannu ya ce, "Ga su nan, ranka ya daɗe." Agwagi ne cike da ruwa, suna ta tsoma kai.

Mun ɗauka ranar za a kore shi daga garin. Marigayi Dagaci ya daɗe yana kallon ruwan, sannan ya ce, "Ɗan Manu, ka yi mini wayo. Amma na faɗa a gaban mutane, kuma bakina ɗaya ne." Ya juya wurin Sarkin Baka na lokacin ya ce daga yau bindiga ta haramta a bakin ruwan nan har baƙin su tafi. Zabin da aka yanka kuwa mu muka cinye su, Yahuza ya fi kowa zuba loma. Na ce masa yau an yanka tsuntsu saboda tsuntsu, ya ce zabo ɗan gida ne, ya san haƙƙin baƙo.

Tun daga ranar abin ya zauna. Kowace shekara in sanyi ya shigo, Yahuza zai je fada ya ce ya yi baƙi, Dagaci ya ce ya karɓa. In zafi ya ƙarato ya koma ya ce sun tafi lafiya, a shafa fatiha. Da tsohon Dagaci ya rasu, ɗansa ya gaji rawani ya gaji amsar. Abin da ya fara da dariya ya zama abin da muke tinƙaho da shi a kasuwar Birnin Kudu.

Yahuza ya kasance in ya idar da sallar asuba ba ya komawa ɗaki, sai ya yafa bargo ya nufi tafki. Da ya yi ritaya abokan aikinsa suka ba shi madubin hangen nesa, kuma ban taɓa ganin kyautar da aka ci moriyarta kamar wannan ba. Ya kasance yana miƙa wa duk wanda ya zo wucewa, mai garma ko mai tallan nono, ya ce tsaya ka duba. Ya kasance ya san wanda ya fara sauka da wanda ya makara, ya san shekarar da wani bai zo ba, ya damu kamar an ce ɗan'uwansa ne bai dawo daga tafiya ba.

Wata shekara ana tsakiyar sanyi wasu manyan tsuntsaye suka sauka, farare masu baƙin fiffike da jan baki da jar ƙafa. Yahuza ya shigo gari yana haki yana cewa shamuwa ta sauka. Ku kun san abin da shamuwa take nufi a wurin manomi. Kafin hantsi labari ya kai kowace unguwa cewa ruwa na tafe. Masu dawa a gona suka bazama da amalanke, mata suka kwashe shanyar wake, wani bawan Allah da ba zan faɗi sunansa ba, yana nan a sahu na biyu, ya hau rufin ɗakinsa yana gyaran jinka cikin sanyi. Sai da rana ta take sama tas babu ko gajimare sannan aka je aka tambaye shi. Ya ce ai ba tamu ta damina ba ce, wannan farar shamuwa ce, ita ma baƙuwa ce daga can. Ya sha zagi ranar, amma dawar da aka daɗe ana ja da kwasarta ta shiga rumbu yini guda. Saboda tsuntsayen nan har ɗalibai da masu kyamara suka zo daga Kano da Jos, Hajiya Mairama ta yi ta tuƙa musu tuwo har suka tafi.

Jama'a, na ba ku dariya don Yahuza yana son dariya. Yanzu zan faɗi sauran, kuma ba shi da daɗi.

Mun riƙe amanar da aka ba mu? Mun riƙe. Ina faɗa da babbar murya, tun daga ranar da tsohon Dagaci ya yi magana ba a harbi agwagwa ko ɗaya a Tafkin Manu ba. Ba a kafa tarko ba. Sarkin Baka da yaransa sun cika alkawari har a shekarun da nama ya gagari tukunya. An ce kada a taɓa baƙo, ba mu taɓa ba. Amma ba wanda ya ce kada a taɓa ruwa.

Injin ban ruwa ya shigo, noman shinkafa na rani ya shigo. Mutum ɗaya ya fara jefa tiyo a gefen gonarsa, na kusa da shi ya gani ya jefa nasa, har ya zama in ka je fadama da safe ƙarar inji ba ta barin ka ji kukan kirinjijiya. Kuma kada wanda ya tashi daga nan ya ce na zagi shinkafa. Shinkafar nan ta rufa mana asiri. Ita ta tsayar da samarinmu a gida suka daina tafiya ci rani, ita ta riƙe yara a makaranta, ita muke ci yau a wannan sadaka. Amma ruwan da yake kai bazara ya koma ƙafewa kafin sanyi ya fita. Gindin giginyu ya zama gona, hanyar kasuwa ta zama gona. Masu dogon wuya suka daina zuwa. Farar shamuwa ba a sake ganinta ba.

Yahuza ya kai kuka fada. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ruwan nan shi ne shimfiɗar baƙina. Yaya za a ce ba a taɓa baƙo ba alhali ana janye tabarma daga ƙarƙashinsa?" Sarkin Noma, ga shi nan zaune, ya ce, "Malam Yahuza, baƙon da yake zuwa kowace shekara ya share wata da watanni, ba ya noma, ba ya zuwa gayya, ba za a hana 'yan gida cin abinci saboda shi ba." Dagaci ya yanke cewa kowa yana da iko da ruwan da ke gaban gonarsa. Hukuncin daidai ne, ban ga yadda za a yanke wani ba. Yahuza ya ce ya gode, ya tashi ya tafi.

Abin da ya rage shi ne gurbin nan mai zurfi da ke cikin gonarsa, wanda yaro zai iya jefa dutse daga wannan gefe ya faɗa wancan. A nan ragowar baƙin suke matsuwa. Kuma a nan taurin kan ya nuna kansa, domin gidan Yahuza kaɗai ne a garin nan ba ya noman rani, alhali shi ne mai ruwan da ya fi na kowa. Wa ya ɗauki nauyin wannan? Ba tsuntsaye ba, ba mu masu dariya ba. Hajiya Mairama ce da take auna hatsi ta san ba zai kai damina ba. Musbahu ne da yake zuwa ƙwadago a shinkafar wasu, yana tsaye a gonar mutane yana hango ruwan ubansa. Bai taɓa ɗaga wa mahaifinsa murya ba, kuma ina so jama'a su shaida wannan.

Bana ana cikin yankan gero hawan jini ya kayar da Yahuza, gefensa guda ya daina aiki. Na je duba shi wata safiya, an fito da shi tsakar gida yana shan hantsi, sai ga wani garke ya wuce ta saman gidan ya nufi gabas. Ya bi su da ido. Da kyar maganarsa take fita, ya ce, "Ɗan'azumi, sun sauka?" Na ce sun sauka. Ya ce, "A kai ni fada." Muka ce ya bari ya ɗan ji ƙarfi. Bai ji ƙarfin ba, Allah ya karɓi abinsa ranar wata Alhamis. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da aka yi addu'ar bakwai, Dagaci ya kira ni gefe ya ce, "Malam, bana ba wanda ya kawo mini baƙi. Ni kuma ba na karɓar baƙon da ba shi da mai masauki, ka san ƙa'ida." Na ce to ni in zo. Ya ce, "A ina za ka sauke su? Ruwan naka ne?" Ba nawa ba ne. Sai na tafi wurin Musbahu na ce ya je ya yi abin da ubansa yake yi.

Musbahu, ka yi haƙuri, zan faɗi amsarka a gaban mutane domin ba abin kunya a cikinta. Ya ce, "Baba, in na je na ce wa Dagaci na yi baƙi, ƙarya zan yi masa, don ba ni da inda zan ajiye su. Ka ga yadda damina ta yi mana, geron bai yi ido ba. Ga ƙannena, ga 'ya'yana, ga Inna. Na riga na zuba irin shinkafa, ya kusa isa dashe. Da an yi arba'in zan sa inji." Ban yi masa faɗa ba. Yaron gaskiya ya faɗa.

Ban haƙura ba. Na zaga wurin masu gonakin gefe na ce ko za a taru kowa ya ɗan sam wa gidan nan wani abu daga shinkafarsa, a bar gurbin yadda yake. Kowa ya karɓe ni da mutunci, kowa ya ce Allah ya ji ƙan Malam, kowa ya ce in wane ya yarda shi ma ya yarda. Na gama zagayen na dawo inda na fara, ban sami wanen ba.

Shekaranjiya na shiga gaida Hajiya Mairama. Tana cikin takaba, don haka daga bakin ƙofa na tsaya, Bara'atu tana tsakaninmu. Ban ɗauko maganar ba, ita ta ɗauko. Ta sa aka kira Musbahu, ta ce, "Na ji za ka sa inji. Ban hana ka ba, gonarka ce da ta ƙannenka. Ni na fi kowa shan wahalar ruwan nan, na yi kuka a kansa ba sau ɗaya ba. Amma ba zan zauna ina yi wa mutumin nan takaba ina jin ƙarar inji a gurbinsa ba. Ka bari in fita. In na fita ka yi abin da ka ga dama." Musbahu ya san takabar ba za ta ƙare ba sai zafi ya shigo, lokacin dashe ya wuce, irin da ya zuba ya tashi a banza. Ya ce, "Inna, kin faɗa, an gama. Amma badi ba zan iya ba." Ta ce, "Ban roƙe ka badi ba."

To, jama'a, iyakar abin da aka samu ke nan. Sanyi guda. Kada wani ya yi kabbara, ba nasara aka yi ba. Gidan da ya riga ya ji jiki ne zai ƙara ɗaure ciki na rani guda, sannan tiyo ya shiga gurbin kamar yadda ya shiga sauran. Na duba gabas na duba yamma, ban ga abin da zai hana ba. Raina a ɓace yake, kuma na rasa wanda zan ɓata wa, wannan shi ya fi ci mini rai.

Hajiya Mairama, kin zauna da mutum mai wuyar zama, kin rufa masa asiri yana raye, kin kuma rufa masa bayan ransa. Allah ya saka miki. Musbahu, ɗaga kanka. Ba ka ci amanar ubanka ba, kuma duk wanda ya zo badi ya ce maka ka ci, ka tambaye shi ina nasa injin yake. Gobe da safe ka sa riga ka je fada, ni zan raka ka. Bara'atu, ke da ƙannenki, ku riƙe yayanku, rani mai tsawo ne a gabanku. Ranka ya daɗe Dagaci, in ya zo ka karɓa masa kamar yadda kuka saba karɓa, kai da mahaifinka. Ku kuma maƙwabta da za ku girbe shinkafa, ku tuna akwai gidan da bai dasa ba, kuma kun san dalili.

Ga sauran jama'a, saƙona ɗaya ne. Ku je bana. Wanda bai taɓa tsayawa ya duba ba, ya je ya tsaya. Ku ɗauki 'ya'yanku da jikokinku da sassafe ku kai su bakin gurbin, ku nuna musu mai farin zane a gira da mai bin ƙafar shanu, don in sun girma suka ba da labari kada a ce musu tatsuniya suke yi. Badi ma tsuntsayen za su zo, don babu mai aika musu cewa mai gidan ya rasu. Za su ƙetaro teku da sahara kamar yadda suka saba, su kewaya saman Tafkin Manu, su tarar da shinkafa. Ban san inda za su nufa daga nan ba. Wanda zan tambaya shi ne muka taru muna yi wa addu'a.

A madadin iyalin marigayi, muna godiya ga wakilin Hakimi da Dagaci da malamai, da duk wanda ya tako, da wanda ya aiko, da matan da suka yini a gindin murhu. Wanda Yahuza ya ɓata wa ya yafe masa, wanda yake da wata magana tsakaninsa da shi ya ga Musbahu bayan an tashi. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

Ya Allah, bawanka Yahuza ɗan Manu ya zo gare ka, ba shi da kowa sai kai. Ka gafarta masa, ka yalwata masa kabarinsa, ka sanyaya masa makwanci, ka haɗa shi da iyayensa cikin rahamarka. Ka ba Hajiya Mairama haƙuri, ka ciyar da gidan nan ta inda ba su zata ba. Halittunka da muka kasa riƙewa, kai ka halicce su, kai ka san inda ruwa ya rage a duniyarka, ka nuna musu hanya. Mu da muka saura, ka sa mu cika da imani.

Malam Liman, bismillah, a shafa mana fatiha.